Masallacin Juma'a a kan baƙar laka: ta ina kwamiti zai fara?

Malam Haruna (Gadarif): Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce a madadin kwamitin masallacin unguwarmu a nan Gadarif, ƙasar Sudan. Zawiyar, wato ƙaramin masallacin da ake salla a ciki, ta yi wa mutane kaɗan, musamman tun da masu gudun hijira suka ƙaru bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023, ga shi bangonta na yamma ya dare tun daga ƙasa har sama. Wani bawan Allah ya ba da fili mita 30 a mita 40. Ana son masallacin da zai ci mutum 400, da sashen mata, da wurin alwala, da halwar yara, wato makarantar allo. Akwai ɗan abin da aka tara, 'yan uwa na Makka da Jidda kuma sun yi alkawari. Mukawil, wato ɗan kwangila, ya ce a ba shi kafin alƙalami ya fara haƙa mako mai zuwa don a riga damina. Rabin kwamiti sun yarda, rabi sun ce a dakata. Masu sani, da me ake farawa?

Muhandis Bashir, injiniya (Wad Madani): Wa alaikumus salam Malam Haruna. Masu cewa a dakata su ne da gaskiya. Ɗan kwangilar da zai fara haƙa ba zane a hannu, ba sakamakon gwajin ƙasa, me zai haƙa, zurfin nawa, a ina?

Wannan darewar da ka ce bangon zawiya ya yi, ita ce ke gaya muku irin ƙasar da kuke kai. Gadarif da Jazira da Sinnar duk baƙar laka ce, irin wadda take rarrabewa da rani har mutum ya zura hannu cikin tsagar, da damina kuma ta sha ruwa ta kumbura kamar waken da aka jiƙa. Ƙarfin kumburin ya fi nauyin gini mai hawa ɗaya nesa ba kusa ba, shi ya sa take ɗaga shi. Kuma ba ta ɗagawa daidai: gefen da ruwa ke kwanciya ya tashi, busasshen gefe ya tsaya, sai bango ya karye a tsakani. Alamarta tsaga ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, da ƙofofin da ke ƙin rufuwa a watan Agusta su koma rufuwa a Maris. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta Jami'ar Khartum ta daɗe tana aiki a kan wannan ƙasa, ba sabon abu ba ne ga injiniyoyin ƙasar nan.

Saboda haka kuɗin farko da za ku fitar na gwajin ƙasa ne. Rami biyu ko uku a cikin filin, zurfin mita 6 zuwa 10, ɗaya daga ciki a daidai inda hasumiya za ta tsaya. Rahoton zai faɗi zurfin da damshi ke hawa da sauka, da yawan kumburin, da irin harsashin da ya dace. 

Baba Liman (Gadarif): Allah ya yi albarka Muhandis. Amma kafin ramin naka akwai takarda. Haruna, wanda ya ba da filin, da baki ya bayar ko a rubuce? In da baki ne, ku je masa tun yana da rai da lafiya, a rubuta wakafin a gaban shaidu, 'ya'yansa manya su san da maganar. A ciro shahadar bahas, wato takardar binciken mallaka, daga ofishin rajistar filaye a ga sunan wa ke kai, ko akwai jingina, ko gādo ne da ba a raba ba. In akwai haƙƙin maraya a ciki, ba a ɗora ɗakin Allah a kansa. Sannan ma'aikatan awon fili su zo su kafa turaku su ba da kuruki, wato taswirar filin, a kai wakafin ofishin awkafi mai kula da wakafai, a nemi izinin gini. Fili na zama shi kansa sai an canza masa manufa a takarda kafin ya zama na masallaci.

Na biyu kuma, tun da Juma'a kuke nufi: a mazhabar Malikiyya ba a yawaita masallatan Juma'a a gari ɗaya sai da larura, kamar ƙuncin tsohon masallaci. Ku zauna da limaman da ke kusa da ku tun yanzu. Kada a gama gini sannan a fara jayayyar ko Juma'ar ta inganta.

Malam Haruna (Gadarif): Allah ya gafarta Malam, da baki ne, amma mutumin yana nan kuma a shirye yake. Za mu je masa. Tsohon masallacin Juma'a kuwa har kan titi ake yin sahu.

Alhaji Sabo (Jidda): Duk na ji, amma ku dubi ta ɓangaren masu bayarwa. Mutum ya cire riyal daga abin da zai ciyar da iyalinsa, bayan wata huɗu ya tambaya a ce masa ana gwajin ƙasa, ana jiran takarda. Gwiwarsa za ta yi sanyi. Mutane suna son su ga bango ya tashi, su ga ƙubba da hasumiya. Ni a ganina a zuba dakin, wato rufin kankare, a ɗora ƙubba a tsakiya, in jama'a ta ƙaru a hau bene. Masallacin kwano ai bai yi kama da na Juma'a ba.

Muhandis Bashir (Wad Madani): Alhaji, damuwarka gaskiya ce, kuma maganinta rahoto ne duk ƙarshen wata da hotuna da rasit. Amma bari in yi maka lissafin dakin ɗin. Kowane mai salla yana cin santimita 60 a faɗi, 120 a tsawo. Ɗaki mai mita 20 a 15 zai ba da sahu 12, kowane sahu mutum 33, kusan 400 ke nan. Dakin mai kaurin santimita 15 a kan wannan faɗin kankare ne mita kubik 45. A buhu bakwai kowace mita, siminti buhu 315, ba a sa bim (kankaren kwance mai ɗaukar nauyi) ba, ba a sa ginshiƙai ba, ba a sa rodi da katako ba. Nauyinsa ya haura tan 100. Sannan dole ginshiƙai su tsaya a tsakiyar ɗaki, kowanne da nasa harsashin. Ginshiƙan tsakiya ƙasarsu a rufe take, na gefe kuma ruwan sama da rana na taɓa su, don haka ba sa motsi tare, kuma dakin ba ya yafe wannan bambancin. In ya tsage, ɗigar ba ta jin faci.

Da jamalon, wato ƙarafan rufi masu kusurwa uku, za a tsallake mita 15 ɗin ba ginshiƙi ko ɗaya a ciki. Jamalon ɗaya duk mita 4 zuwa 5, ƙarafan kwance a kai duk mita ɗaya da ɗan abu, kwano mai kaurin milimita 0.4 zuwa 0.5. In kuwa da gaske za a hau bene wata rana, to a faɗa wa mai zane yau, domin harsashin bene daban ne. Ba a gina na ƙasa sannan a ce a ɗora.

Baba Liman (Gadarif): Rashin ginshiƙin nan ma falala ce. An ruwaito daga Anas cewa sahabbai suna guje wa yin sahu tsakanin ginshiƙai a zamanin Annabi (SAW), saboda suna yanke sahu. In ba makawa sai an sa su, to a jera su a layi ɗaya da sahu, tazararsu ta zama ninkin santimita 120, kamar mita 4.8, don kada su ci fiye da sahu ɗaya.

Usta Garba (Mai Wurno): Muhandis, ina tare da kai a kan jamalon amma ka faɗi aibinsa. Iskar farkon damina ta yankin nan tana ɗaga rufi sukutum ta ajiye a gidan maƙwabta. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an ɗora ƙarfen a kan bulo an ɗaure da waya. Daidai shi ne a zuba bim na kankare ya zagaye saman bango, a dasa faranti na ƙarfe da kusoshi masu lanƙwasa a cikinsa tun kankaren yana ɗanye, a yi waldar jamalon a kan farantin. Kwanon kuma a ƙara masa kusoshi a gefuna da kusurwoyi, nan iska ke fara kamawa. Sai zafi da ƙara. A watan Afrilu zafin Gadarif yana haura digiri 40, kwano tsirara ba ya zaunuwa, in ruwa ya sauko kuma ba mai jin huɗuba. Dole a sa abin tare zafi a ƙarƙashin kwanon, a yi silin, a bar ramukan iska tsakaninsu da raga don tsuntsu da jemage.

Alhaji Sabo (Jidda): To ƙubbar fa, Usta? A haƙura da ita ke nan?

Usta Garba (Mai Wurno): Ba sai an haƙura ba, Alhaji. A yi ƙarama a kan shirayin shiga, mai ginshiƙai huɗu nata na kanta, ko ta ƙarfe marar nauyi. Daga nesa za a gan ta, ba kuma za ta danne ɗakin salla ba. Babbar ƙubbar kankare a tsakiya tana tura bango waje, sai da ƙaƙƙarfan zoben bim a gindinta, kuma tana maimaita muryar liman har karatu ya cakuɗe. Hasumiya ita ma ta tsaya ita kaɗai da harsashinta, a bar tsaga tsakaninta da bango. Nauyinta ya taru a ƙaramin wuri, ba ta zama yadda bango ke zama, in an haɗe su sai ta ja kusurwar masallacin. A sa mata maganin tsawa na jan ƙarfe har ƙasa. A bar mata wuri a zane, a gina ta a ƙarshe.

Muhandis Bashir (Wad Madani): Bari in dawo kan harsashi, don nan ne kuɗin da ba a gani yake, nan kuma ake yawan yin rowa.

Hanyar da aka fi amincewa da ita a irin ƙasarku ita ce turakun kankare. Ana huda rami mai faɗin santimita 30 zuwa 40, ya wuce zurfin da damshi ke canzawa ya shiga inda ƙasa take a natse. Yawan mitocin rahoton gwaji ne zai faɗa, kada wani ya yanke muku da ka. Rodin cikin turken ya tafi tun daga sama har gindi. Dalili: in laka ta kumbura tana riƙe turken ta ja shi sama, kankare kuma ba ya jure ja. In rodin ya tsaya a rabi, daidai inda ya ƙare turken zai tsinke, ba kuma wanda zai gani.

A kan turakun ake ɗora bim ɗin ƙasa wanda bango zai hau. Wannan bim ɗin kada ya taɓa laka. A bar masa sarari santimita 10 zuwa 15 a ƙarƙashi, a tare gefuna da bulo don kada ƙasa ta zubo ta cike. Sau da yawa lebura yana gama aiki ya cike sararin da ƙasa don wurin ya yi kyan gani, shi ke nan an mayar wa laka abin da za ta tura. Wanda ke sa ido ya duba wannan da idonsa kafin a rufe.

Daɓe kuma, a kwashe baƙar ƙasar cikin ɗaki kamar mita ɗaya ko fiye, a cike da burji, ana zubawa santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a bi da injin daddanna, sannan a ƙara. In an juye tifa guda an baje an daddanna sama kawai, bayan damina biyu tsakiyar masallaci zai lotsa. Kada a haɗe daɓen da bango, a bar siririyar tsaga a zagaye don in ya motsa ya motsa shi kaɗai.

Abu na ƙarshe, ruwa. Duk inda ruwa ya zauna kusa da bango, nan ginin zai fara ciwo. A zagaye masallacin da daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, mai gangara waje. Indararo kada ya zuba a gindin bango, a kai ruwan da bututu ko kwata har wajen fili. Darbejiya da sauran manyan itatuwa su yi nesa da gini aƙalla gwargwadon tsawon da za su kai, don saiwarsu tana tsotse damshin gefe ɗaya ƙasar ta sauka.

Malam Haruna (Gadarif): Muhandis, maganar riga damina fa? Ita ce hujjar mukawil.

Muhandis Bashir (Wad Madani): Ba za ku riga ta ba. Ruwa na farawa a Yuni, a lokacin ramukanku suna buɗe, su cika, lakar gindinsu ta jiƙe ta lalace, motar yashi kuma ba ta shiga unguwa. Ga wani abu: ƙarshen rani shi ne lokacin da ƙasa ta fi bushewa, duk abin da aka ɗora mata a lokacin zai sha kumburi mafi girma. Ku yi amfani da watannin damina wajen takardu, zane da tara kaya. A fara haƙa a Nuwamba. Lokacin an yanke riɗi, dawa na shigowa, jama'a na da abin bayarwa. Sai dai ku kama leburori da wuri, domin girbi na janye su gonaki.

Yaya Nuhu mai awon fili (Kasala): Kafin mai zane ya ja layi ɗaya yana bukatar alƙibla, domin ita ce za ta nuna yadda ɗakin zai zauna cikin filin. Daga Gadarif tana wajen digiri 29 daga arewa zuwa gabas. A Mai Wurno kusan 35, a Khartum kusan 49, a Kano kuwa wajen 68. Kun ga a wurinku ta fi kusa da arewa. Filayen unguwa yawanci a miƙe suke da titi, don haka masallacin zai zauna a karkace, kusurwoyi huɗu su rage. Kada a ga kamar asara ce: can za a sa ɗakin ajiya, tankin ruwa, wurin takalma.

Kada a dogara da kamfas ɗin waya a filin da aka jibge rodi, ƙarfe na karkatar da shi. Kuskuren digiri ɗaya a bangon mita 20 santimita 35 ne, digiri biyar kuwa ya isa a ƙare da shimfiɗa darduma a gicciye. Ga hanya mai sauƙi kuma lokacinta ya kusa. Ranar 27 da 28 ga Mayu rana na tsayawa daidai kan Ka'aba da ƙarfe 12:18 agogon Makka, wato 11:18 agogonmu. Haka ma 15 da 16 ga Yuli da 11:27, amma a Yuli hadari zai iya rufe ku. A rataya igiya mai dutse a ƙasa daga tsayin mita 3 a kan wuri mai shafe, a jira ta daina lilo. Da yake muna kusa da Makka inuwar gajera ce, kamar santimita 45, don haka a yi alama da ƙusa, ba da yatsa ba. Layin da ya tashi daga bakin inuwa zuwa gindin igiya shi ne alƙibla. A ja shi da zare a kafa turaku biyu na kankare a wajen inda za a yi haƙa. Bangon gaba zai gitta wannan layin. Don tabbatar da kusurwa, a ɗakin 20 a 15 awon kusurwa zuwa kusurwa ya zama mita 25 cif, duka biyun.

Usta Garba (Mai Wurno): Wannan karkatar ma alheri ce gare su, Yaya Nuhu. Dogayen bangaye biyu za su fuskanci arewa da kudu, iskar rani daga arewa take, ta damina daga kudu maso yamma, sai ta ratsa ɗakin. Gajerun bangaye su ɗauki ranar safe da ta yamma. Tagogin bangon alƙibla a ɗaga su sama da kai don haske kada ya bugi idon masu salla. Silin ya kai mita 4.5, fankoki su sauko zuwa mita 3 daga ƙasa. Ƙofofi a baya da gefe, masu buɗewa waje, sai ƙarama ɗaya kusa da mihrabi don liman da shigo da gawa.

Malama Hajara (Kasala): Sannunku da ƙoƙari malamai. Malam Haruna ya ambaci sashen mata, ina roƙon kada a bar shi sai abin da ya rage. Abin da aka saba gani shi ne a gama na maza, sannan a kafa rakuba, wato rumfa, a bayan bayi a ce ta mata ce. Masu zuwa tarawihi da karatun safe da yawansu tsofaffi ne, ga masu goyo. A yi shi a ƙasa, a bayan ɗakin maza ko gefensa, da ƙofarsa ta wani titi ko wani gefen fili, da famfunansa da bayinsa a ciki, yadda mace ba za ta ratsa maza da hannu a jiƙe ba. A sa lasifika tata, a kuma bar taga mai raga da za a ga sahun ƙarshe na maza, saboda in wuta ta ɗauke ana cikin sujada mata ba sa sanin an ɗago. A ƙofa a yi gangara don keken marasa lafiya: duk tsayin santimita 10, tsawon mita 1.2. Ɗakin nan da rana zai iya zama ajin mata, ba sai an gina wani ba. Kuma a sa mace biyu cikin masu duba zanen.

Baba Liman (Gadarif): Maganarki dutse, Malama. Haruna, a rubuta.

Muhandis Bashir (Wad Madani): Wurin alwala da ta ambata shi ne babban abokin gābar harsashi, don shi ruwansa ba ya jiran damina, sau biyar kullum ne. A ware shi daga ɗakin salla mita 10 ko fiye, a haɗa su da rumfa. Kujerar zama santimita 40, famfo ya ɗara ta da kamar 30, tsakanin famfo da famfo 80, kwatar ta yi zurfi don kada ruwa ya fallatso. Bututu su bi ta fili inda za a ga yoyo, kada a binne su ƙarƙashin daɓe. Laka na motsi ta karya mahaɗa, a shekara ana shayar da harsashi ba a sani ba. Ruwan alwala a raba shi da na bayi, a kai shi ga itatuwan da ke can bakin katanga. Ramin tsotse ruwa ba ya aiki a baƙar laka saboda ba ta sha da sauri, don haka tankin bayi ya zama na kankare mai rodi, a inda motar kwasa za ta iya isa.

Baba Liman (Gadarif): A kuma juya bayin yadda mai zama ba zai fuskanci alƙibla ba, ba zai ba ta baya ba. Malamai sun yi sauƙi a cikin gini, amma tun da a takarda ake, gyaran ba ya cin ko sisi.

Malam Isa akawu (Gadarif): Ni ta wajen kuɗi zan shigo. Kada mai zane da mai sa ido da mai gini su zama mutum ɗaya. Muhandis ɗin da ke duba aiki kwamiti ne zai biya shi, ba mukawil ba. A sa ya fitar da jerin kaya da adadinsu, a ba 'yan kwangila uku takarda iri ɗaya su sa farashi. Wanda ya fi kowa araha da nisa, a tambaye shi me ya cire.

A halin da jineh, kuɗin Sudan, ke ciki, kwangilar "ga kuɗi, kawo mabuɗi" rigima ce. Farashi zai tashi, ɗan kwangila ya tsaya ko ya rage kaya a ɓoye. Ya fi a yi da shi a kan ladan aiki kawai, kwamiti ya sayi kaya. Biya kuma mataki-mataki: bayan turaku, bayan bim ɗin ƙasa, bayan bango, bayan rufi, kowanne sai muhandis ya sa hannu. A riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 har ginin ya ga damina ɗaya. Kuɗi kada su kwana a asusu: a mayar da su rodi, jan bulo, ƙarfen jamalon. Siminti ne kaɗai ba a tarawa, bayan wata uku ƙarfinsa na raguwa. A saye shi daf da aiki, a jera kan katako, kada ya wuce buhu goma a tsaye, kada ya jingina da bango.

Asusu ya zama da sunan masallaci, sa hannun mutum biyu cikin uku. Masu turowa ta manhajar banki ta Bankak su tura can, ba wayar wani ɗan kwamiti ba, ko da amintacce ne, don kare mutuncinsa. Mai riƙe kuɗi daban, mai sayayya daban, mai mabuɗin sito daban. Duk Juma'ar farkon wata a manna lissafi a ƙofa.

Alhaji Sabo (Jidda): Wannan tsarin zai sa mu samu bakin magana da mutane. Sai dai 'yan uwa na nan su kiyaye: a Saudiyya tara gudummawa ba da izinin hukuma ba laifi ne. Kada wani ya buɗe asusu ko ya yi shela a zaure. Kowa ya aika nasa da kansa ta halastacciyar hanya. Tambaya ga Baba Liman: wasu na cewa za su ba da zakkarsu.

Baba Liman (Gadarif): A'a Alhaji. Mazhabobi huɗu ba su sa ginin masallaci cikin wuraren da ake kai zakka ba. Ga masu gudun hijira nan cike da gari, su ne masu ita. Masallaci da sadaka da wakafi ake gina shi. Kuma wanda ya ce kuɗinsa na rufi ne, ba a karkatar da su zuwa tayil sai da izininsa. Shi ya sa ya fi a roƙi mutane su bayar don aikin gaba ɗaya.

Usta Garba (Mai Wurno): Tun da kwamiti ne zai sayi kaya, ga abin da mai sito zai riƙe. Rodi a auna shi, kada a ƙirga kawai. Sanda mai mita 12 ta milimita 16 nauyinta kusan kilo 19, tan ɗaya sanda 52 ko 53. Ta milimita 12 kusan kilo 10.7, tan ɗaya sanda 94. In an kawo tan ya fi haka yawa sosai, rodin siriri ne. Yashi a zuba a kwalba da ruwa a girgiza a bari ya kwanta, in tabon da ya hau sama ya wuce kashi 8 cikin 100, a mayar ko a wanke. Jan bulo a buga biyu, mai kyau yana ƙara kamar ƙarfe, kuma a jiƙa shi kafin a ɗora don kada ya shanye ruwan kwaɓi.

Ranar zuba kankare, in an yi nafir, wato gayya, jama'a sun fito, Allah ya ba da lada, amma a ba su ɗaukar kwano da ban ruwa. Awo da kwaɓi na mutum ɗaya ne. A yi akwatin awo, a daina ƙirga da shebur. Buhu ɗaya ruwansa kamar lita 25. Masu ɗauka kullum suna son a ƙara ruwa don ya yi laushi, kuma wannan ƙarin shi ke kashe kankare. A sa 'yan ƙananan tubalan siminti su ɗaga rodi daga katako: santimita 2.5 a bim, 4 a ginshiƙi, 5 zuwa 7 a abin da ke cikin ƙasa. Inda rodi biyu suka haɗu su hau juna ninki 50 na kaurinsu, wato santimita 80 ga mai 16. A zuba da sassafe ko bayan la'asar, a bi da injin girgiza, a lulluɓe da buhunan algarara a yi ta jiƙawa kwana bakwai aƙalla. A ɗebi samfur a kai gwaji na kwana 7 da na 28. Wannan ban ruwan yaran halwa ma za su iya, in an sa babba a kansu.

Malam Haruna (Gadarif): Allah ya saka da alheri baki ɗaya. In kuɗin bai kai duka ba, me za a jinkirta?

Muhandis Bashir (Wad Madani): A zana komai yau, har hasumiya da halwa da shaguna biyu a bakin titi da hayarsu za ta riƙa biyan wuta da ruwa da ladan. Zangon farko: harsashi, bango, rufi, ƙofofi, daɓen zagaye da magudanar ruwa, wurin alwala da bayi, da sashen mata. Da waɗannan za a yi salla a kan tabarma. Bututun waya na fanka da lasifika da sola a binne su kafin shafe ko da ba a sayi kayan ba. Tayil a bar shi sai daɓe ya ga damina ɗaya ya zauna. Fenti, ƙubba, hasumiya da katanga su biyo baya.

Malam Isa akawu (Gadarif): Katanga dai a sa ko ta waya ce tun farko, Muhandis, saboda rodi da bulon da za a tara.

Muhandis Bashir (Wad Madani): Haka ne, da mai gadi. Malam Haruna, in kuruki ya fito ka turo hotonsa nan tare da alamar inda ruwa ke bi in an yi sama, da inda titi ya fi filin tudu. Da shi za a san tsayin da daɓen masallaci zai yi da inda za a huda ramukan gwaji.

Yaya Nuhu mai awon fili (Kasala): Kuma ku gyara agogonku da na waya kafin ranar 27, minti biyu na iya karkatar da inuwar.

Malam Haruna (Gadarif): In sha Allahu. Gobe bayan azahar za mu je wurin mai filin da Baba Liman, mukawil kuma za a gaya masa sai Nuwamba.